Katakon kwance zai yi rufin ɗaki kuwa?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin harkar katako ku taimaka min. Ina ƙara ɗaki biyu a gidanmu nan Aboabo a Kumasi saboda tsohuwarmu, gini ya kai linta saura rufi. Na je kasuwar katako ta Sokoban na tambayi kuɗin katako 2x4 da 2x6 wallahi sai da jikina yayi sanyi. To wani ya haɗa ni da mai saida na kwance, wai daga wani tsohon gida da aka rushe a Ashtown ya ciro su, kusan rabin kuɗi. Tsorona kar damina biyu rufi ya lotsa a kan tsohuwa. In saya ko in haƙura in tara kuɗin sabo?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana. Na kwance ba iri ɗaya bane. Akwai na itacen da ake kira wawa da aka gama zuba dekin da shi, siminti duk a jiki, wannan ko kyauta aka baka kar ya hau saman ɗakinka, wawa itace ne mara ƙarfi ya sha ruwan kankare kuma ƙwaro na sonshi, sai dai a sake zuba dekin da shi ko a yi katangar wucin gadi. Amma in itace mai ƙarfi ne irin odum ko dahoma daga tsohon rufi to ka samu kaya, tun muna sana'a a Anloga kafin a maida mu Sokoban irinshi muke nema, ya bushe tuntuni ya gama duk murɗewar da zai yi. Sabon da kake gani yawanci ɗanye ne, na masu injin yanka a daji wanda gwamnatin Ghana ta hana tun 1998 amma har yau shi ya cika kasuwa, ka buga yau bayan wata uku ya karkace. Ka je da guduma ka ƙwanƙwasa kowane ɗaya, in sautin ya fito fanko gara ta cinye cikin, in ka ga ƙananan huji gari na zuba kamar fulawa ka bar shi. Ka fi duba bakin da ya zauna kan bango, nan ruwa ke ruɓar da shi.

Mai Aboboya:
Gaskiya baba ya faɗa. Ni nake ɗaukar wa masu katako kaya da aboboya, babur mai ƙafa uku, abin da mutane ke mantawa tsawo ne yaya, in an yanke ruɓaɓɓen baki katakon ya gajarce sai an yi haɗi, so ka je da kafintanka da tef ɗinshi ya auna. Ga ƙusa kuma, masu inji basa yarda su goge shi sai ka cire duka don tana karya musu wuƙa.

Hajiya Asawase:
Ni dai ban goyi baya sosai ba ɗana, na taɓa sa na kwance a shagona ashe da ƙwaronshi yazo, har silin sai da ya ci. In dole ne a shafe shi da Solignum, maganin ƙwaron katako, ko baƙin mai ya jiƙu sosai kafin a ɗora kwano. Kuma ka tambayi mai kayan wane gida ne da wa ya sayar mishi, akwai na sata daga wurin ginin mutane.

Ɗan Aboabo:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba ya zan gane odum ne na gaske, duk sun yi baƙi da ƙura?

Tsohon Kafinta:
Ka ɗaga ka ji nauyi, sannan ka sa a yanka bakin ɗaya da zarto a gabanka, cikin odum ruwan ƙasa ne, wawa fari ne sakayau farce ma na shiga. In ya ƙi a yanka ka bar mishi kayanshi.