Abin da aka faɗa wa ɗan ƙanena a majalisa

Jiya bayan isha'i, a majalisarmu ta Tudun Wada a Gusau, hira ta koma kan ɗan ƙanena da zai tafi makarantar 'yan sanda ta Wudil. Sunan babban ɗan sandan nan Abba Kyari ne ya fi yawo a baki: shi ya jagoranci kama Evans, ƙasurgumin mai garkuwa da mutane, a Legas a 2017, aka yi ta yabonsa, sai ga Amurka ta ambace shi a shari'ar ɗan damfarar intanet Hushpuppi a 2021, aka dakatar da shi. A 2022 kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta tsare shi bisa zargin harkar hodar iblis.

Wani tsohon sufeto ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, kyautar mai kuɗi bashi ce, ranar biya tana zuwa. Kada ka ɗauki hoto da wanda ba ka san sana'arsa ba." A nan aka fi daɗewa, har da batun waya: duk saƙon da ka tura, wani zai karanta wata rana.

Liman ya ja kunne cewa zargi ba hukunci ba ne, a bar wa kotu. Ni dai na ƙara da cewa ya rage Facebook. Yaron bai ce uffan ba, yana ta murza hularsa.