Yara su gano da kansu: koyarwa ce ko ɓata lokaci?

Malamin sakandare: Jama'a, wannan salon da ake tallata mana a wurin bita, wai a bar yara su binciko ilimi da kansu, yaudara ce. Darasi minti 40 ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya, amma ku leƙa aji ku ƙirga kawuna. Gwajin tsirowar wake kaɗai mako yake ci. Yaushe za a gama manhaja? Gara ma hadda.

Malamar kimiyya: Malam, ba a aji makon yake ƙarewa ba. Kofi huɗu ne, wake biyar-biyar. Na farko busasshiyar auduga, na biyu jiƙaƙƙiya. Na uku a nutsar da waken a ruwan da ya tafasa ya huce, a zuba mai a sama don kada iska ta shiga. Na huɗu jiƙaƙƙiya amma a firji. Kullum minti biyar, su duba su rubuta. Abin da ke ɓata gwajin: wake mai ƙwari, da ambaliya wa kofi na biyu ruwa har waken ya ruɓe, da sauya abu biyu lokaci guda, sai a rasa wanne ya hana tsiro.

Malamin Islamiyya: "Gara ma hadda"? Wannan "ma" ɗin fa? Hadda ce abin rainawa?

Malamin sakandare: Allah gafarta Malam, yabonta na yi.

Malamin Islamiyya: Yabo da "ma"? Hadda tana da tsari: a biya wa yaro, ya maimaita, ya kawo, sannan a wanke allo. Tilawa kuma ba ta tsayawa.

Mai duba makarantu: Ai haddar da ake kuka da ita daban ce. Yaro ya rera "ruwa, iska, ɗumi", wato abubuwan da wake ke buƙata ya tsiro, a tambaye shi amfanin man da aka zuba a kofi na uku, ya yi zuru.

Malamin Islamiyya: To ku sake mata suna, ku ce kwaikwayon aku.

Malamin kwalejin ilimi: Ku dawo kan magana. Tun 1918 masanin ilimi Kilpatrick ya rubuta kan koyo ta hanyar aiki a Amurka. A 2006 kuma masana Kirschner da Sweller da Clark suka ce sakin sabon ɗalibi ba jagora ba ya kai shi ko'ina. Malami ne zai ba da tambaya da kayan aiki, yara su nemo amsa.

Malamin sakandare: Ranka ya daɗe, ku na kwaleji rabonku da alli tun yaushe?

Malamin kwalejin ilimi: Wa ya ba ka NCE ɗin?

Malamin sakandare: Digiri gare ni.

Malamar kimiyya: Wanda ba shi da firji ya bar kofi na huɗu. Randa ba za ta yi ba, sanyinta bai hana tsiro.

Shugaban zaure: An rufe. A taƙaice, kowa ya yarda hadda ce tushe, bincike kuma sai makarantun kuɗi.

Malamar kimiyya: Wane ne "kowa", Alhaji? Wake da auduga ne makarantar kuɗi?