Me ya sa masu zane suka ƙanƙantar da mutum a gaban teku?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum. Na lura cewa masu zanen Turai na farkon ƙarni na 19 sukan cika zanensu da teku, su bar mutum kamar ɗigon tawada. Shin gazawa ce, ko da gangan ne?

Malamin Zariya: Wa alaikumus salam, 'yata. Da gangan ne. Dubi zanen da Caspar David Friedrich na Jamus ya kammala a 1810, inda wani mai ibada yake tsaye shi kaɗai a bakin teku: sararin sama ya cinye mafi yawan zanen, kuma babu ko kwalekwale ɗaya da ido zai huta a kansa.

Ɗan Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ba dukansu ba ne. Géricault na Faransa ya zana mutanen jirgin Méduse, wanda ya maƙale a gaɓar Muritaniya a 1816. Kusan mutum 150 aka bari a kan katakan da aka ɗaɗɗaure, 15 kacal aka tsamo da rai bayan kwana 13. A nan jikkunan mutanen ne suka cika zanen, jirgin ceton kuwa sai an zura ido kafin a hango shi.