Wace waya za ta kai ni shekara huɗu?

Hadiza: Salamu alaikum 'yan zaure. Salulata ta gaji, tun jiya sai na ɗaure bakin caja da roba kafin wuta ta shiga. Ina da jika 150 a hannu, in an matsa ni 170. Aikina kun san shi, ƙauyukan Keita da Buza, cika tambayoyi a KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya, ɗaukar hoto da GPS, wani lokaci in kwana biyu ban ga kuran ba. Kuma ita ce dai ta gida, da ita nake kiran Inna da yara. Wacce zan saya wadda za ta kai ni shekara huɗu ban sake wannan magana ba?

Mushe Haruna: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da mai albarka.

Ibro Bagobiri: iPhone, an gama magana.

Hadiza: Ibro, KoboCollect a Android kaɗai take. Ko kyauta ka ba ni iPhone sai dai in riƙa hoton biki da ita.

Ibro Bagobiri: To ni dai na faɗi tawa.

Sani mai gyara: Kuma iPhone ɗin jika 150 ta hannu ce, batirinta ya sha duniya. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ma, daga 14 zuwa sama, ba su da wurin sa SIM sam. Na ga wanda ya kawo mini ita yana juyawa yana neman ramin.

Alhaji Idi: Hadiza ɗiyata, kafin ki saurari yaran nan ki ji abin da ya same ni bara, lokacin da albasa ta yi kuɗi. Na kai kaya Yamai daga Galmi, munka sayar lahiya lau, na ce bari in sai wa kaina waya ta manya. Na shiga wani shago, ba zan kama suna ba, yaron ya ɗauko kwali a liƙe da leda, ya yage ta gabana. An rubuta giga 256 a jiki. Ya ce mini jika 140, munka daidaita a 120, har ina jin na cuce shi. Takarda bai ba ni ba, ni kuma ban tambaya ba, don mota tana jirana.

Sati uku tana aiki kamar gaske. Ran nan ina tsakar kasuwa ta ce wai ciki ya cika. Na duba, abin da ke ciki bai kai giga 30 ba. Hoto in na ɗauka sai ya fito rabi toka-toka. Na kawo wa Sani, ga shi nan ya shaida. Ya danna *#06# don ganin IMEI, wato lambar shaidar wayar, lambar da ta fito dabam, ta jikin kwali dabam. Ya ce Baba wannan jabu ce, an koya mata ƙarya ne, tana faɗin 256 alhali cikinta ƙarami ne.

Kuɗin ba su ne sunka dame ni ba. Duk lissafin bashina yana cikin saƙon murya na WhatsApp: wane ya ɗauki buhu 40, wane ya ce sai ya sauke a Abijan ya aiko. Ranar da ta mutu ta tafi da su duka. Masu tsoron Allah sun biya. Akwai mutum biyu da har yau in mun haɗu masallaci sai su gaishe ni da hannu biyu su wuce. Da na koma Yamai, kilomita sama da 500, yaron ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba. Mi zan ce? Ba takarda, ba shaida. Na sha ruwa na hau mota.

Don haka ni ba ni da sunan waya da zan ba ki. Ki saya nan Tawa, wurin wanda kin san ƙofar gidansu, ya rubuta miki takarda da lambar IMEI a kai da ranar saye.

Mushe Haruna: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Sani mai gyara: Haka aka yi, Baba. IMEI ɗin lamba 15 ce a jere, a duba ta yi daidai da ta kwali kafin kuɗi su bar hannu.

Sumana: Alhaji, ka tabbata yaron ba Bagobiri ba ne? Aikin ya yi kama da nasu.

Ibro Bagobiri: Ji bawana yana magana. Bazabarmen da har yau yake ɗaure da waya mai maɓalli a wuya kamar laya.

Sumana: Ita ce ke kwana biyar ba caji. Taka tun azahar take neman bango.

Hajiya Rabi: Ku bari mana, yarinya ta yi tambaya. Hadiza, ni Tecno nake riƙe da ita shekara uku ke nan, ta faɗi a tsakar gida ba sau ɗaya ba. Gilashi sau biyu na canza, duka a nan garin, ban jira an aiko daga ko'ina ba.

Sani mai gyara: Wannan gaskiya ce. Tecno da Infinix da itel gida ɗaya ne, Transsion ta ƙasar Sin, kuma kayansu ba sa wuya. Gilashi, batir, bakin caja, in babu a nan kwana biyu sun iso daga Konni ko Yamai. Amma in Hadiza da gaske take shekara huɗu, ta duba wani abu da mutane ba sa tambaya: shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko wa wayar sabuntawa. Samsung ta yi wa A16, wadda ta fito ƙarshen 2024, alkawarin shekara 6. Manyansu irin S24 shekara 7, amma waɗannan ba kuɗinmu ba ne. Waya tana iya zama garau a ido, wata rana manhajar aiki ta ce ba ta hawa wannan tsohon Android ɗin. Haka WhatsApp ta yi a 2023, ta bar duk wayar da ba ta kai Android 5 ba. Mutum nawa suka zo shagona a lokacin suna cewa in gyara, alhali ba abin da ya lalace.

Ibro Bagobiri: A16 ba ta da ramin abin kunne fa. Ni shi ya sa na fasa.

Sumana: Kai da ka ce iPhone? Ita tana da shi ne?

Mushe Haruna: Sani, mene ne wannan 8+8 da suke rubutawa a kwali? Ɗana ya ce 16 ke nan.

Sani mai gyara: RAM ce, Mushe, wurin da waya take riƙe ayyukan da take yi a lokaci ɗaya, kuma giga 8 ce. Ɗaya takwas ɗin aro ce daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ta da saurin ta gaske. Kamar ka ce kana da shanu 16, takwas na maƙwabci ne. Hadiza kada ta sauka ƙasa da 6 ta gaske, ma'ajiya 128 ko sama.

Nana: Kamara fa? Ba wanda ya yi maganar kamara.

Hadiza: Hoton rijiya da katin awo nake ɗauka, Nana. In rubutu ya fito ya isa. Batir ne damuwata.

Sani mai gyara: Kusan duka 5000 mAh ne yanzu, wasu 6000. Abin da ke kashe shi a nan zafi ne. Watan Afrilu da Mayu rana ta wuce 40, ki bar ta kan gaban mota, GPS a kunne, ga ta a caji, wata shida batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Wurin da ba rezo kuma ta yi ta nema tana shan wuta, gara ki sa ta yanayin jirgi, GPS yana aiki haka nan. Ki rage jika 10 ko 15 cikin kuɗin ki sayi batirin ajiya mai kyau, ki daina ba masu janareto na kasuwar ƙauye.

Alhaji Idi: Kuma ki sa a haɗa miki abin nan da ke ajiye saƙo a sama. Da na san shi da mutanen nan biyu sun biya.

Mushe Haruna: Google Drive. Giga 15 kyauta ne, amma bidiyon wannan zauren kaɗai ya isa ya cinye shi. Sumana, da kai nake.

Sumana: Wa'azi nake turowa, Mushe.

Hajiya Rabi: Wa'azi da kokawa. Har ta bara ka sake turo mana.

Nana: Af, Hajiya, kuɗin gudummawar sunan gidan Lawali ta Nita za a aiko ko hannu da hannu? Ni ina Abalak sai Juma'a.

Hajiya Rabi: Aiko ta Nita. Saura mutum bakwai, sun san kansu.

Ibro Bagobiri: Ni na bayar.

Hajiya Rabi: Ban gani ba.

Hadiza: To ni yanzu Samsung ko Tecno?

Hajiya Rabi: Tecno.

Mushe Haruna: Samsung, saboda shekarun nan shida.

Sumana: Mai maɓalli.

Hadiza: Allah ya shirye ka, Sumana. Sani, gobe bayan la'asar kana shago? Sai ka raka ni mu duba duka biyun, ka danna lambar nan da hannunka.

Sani mai gyara: Ina nan in sha Allah. Ki taho da tsohuwar, da robarta, in kwashe miki lambobi tun tana numfashi.