Neman shawara: sunan da ya dace da namiji da mace, da yadda za a rubuta shi

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Iyalina tana da ciki wata takwas, haihuwar fari, kuma ba mu san ko namiji ne ko mace ba. Mun zauna da ita mun zaɓi Ihsan ko Rayyan, domin an ce mana kowannensu yana hawa kan namiji da mace, kuma ba su yi yawa a garinmu ba. Da na faɗa wa mahaifiyata sai ta ce ba ta san wannan ba, sunan marigayi mahaifina za a mayar idan namiji ne, idan mace ce sunan yayarta. Ba na son in saɓa mata, ba na kuma son in karya wa matata gwiwa. Sannan na ga ana rubuta Rayyan, Rayan da Raiyan, ban san wanne ne daidai ba. Ina neman shawararku.

Amsar wani malamin zaure daga Taura:

Wa alaikumus salam. Allah Ya sauke ta lafiya. Ɗan'uwa, sunayen biyu duk masu kyau ne. Ihsan shi ne kyautatawa, kuma a hadisin Mala'ika Jibrilu an bayyana shi da cewa ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa. Rayyan kuwa sunan ƙofar Aljanna ce wadda masu azumi kaɗai za su shiga ta cikinta, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Sai dai Rayyan ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne Rayyanu da kakanninmu suka sani, kuma a kunnen Bahaushe sunan maza ne. Idan ka raɗa wa mace shi, za ta rayu tana yi wa mutane bayani. Ihsan ya fi karɓar ɓangarorin biyu, ko da yake yanzu 'yan mata sun fi ɗaukarsa.

Shari'a ba ta hana suna don kawai maza da mata suna tarayya a kansa ba. Abin da take dubawa shi ne ma'ana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga Asiya, mai nufin mai saɓo, zuwa Jamila. Ka lura da wannan da kyau, domin ya shafi tambayarka ta rubutu: wancan suna da harafin ainun da sadi ake rubuta shi, sunan Nana Asiya matar Fir'auna kuwa da alif da sin, amma a boko duka biyun Asiya za ka gani. Shi ya sa nake jin takaicin masu buɗe Alƙur'ani su tsinci kalma don daɗin sautinta kawai. Wasu suna dacewa, kamar Tasnim da Salsabil, waɗanda maɓuɓɓugai ne a Aljanna, ko Afnan mai nufin rassan itatuwa, amma a cikin Littafin akwai kalmomin da ke siffanta azaba da kafirci. Duk sunan da ka ɗauko, ka kai wa mai ilimin Larabci ya rubuta maka shi da baƙaƙensa kafin a yanka rago.

Amsar wata dattijuwa, tsohuwar ungozoma, daga ƙasar Gumel:

Ɗana, sunan da bai bambanta mace da namiji ba ai ba yau muka fara jin sa ba. Wanda aka haifa bayan tagwaye Gambo ne, ko mace ko namiji. Na ƙarshe a ɗaki Auta ne, mai yatsu shida kuma Cindo. Inda aka raba, kamar Tanko ga namijin da ya biyo mata da Kande ga macen da ta biyo maza, ko Ɗanjuma da Jummai, kowa ya san nasa. Amma duk waɗannan laƙabi ne, a ƙarƙashinsu akwai sunan yanka, kuma a nan mafitarka take. Idan aka mayar da sunan mahaifinka, matarka ba za ta iya kama sunan surukinta ba, mahaifiyarka ma ba za ta faɗi sunan mijinta ba, dole a nemi na alkunya. Maimakon Abba ko Halifa ko Ummi da suka cika kowane gida, sai ku kira yaron Ihsan. Tsohuwa ta sami abin da take so, mai jego ma ta samu. Kada ka bari hawayen uwa ya zuba a ranar suna.

Amsar wani shugaban makarantar firamare daga Kazaure:

Hajiya ta kawo maslaha, amma zan ƙara gargaɗi daga abin da nake gani a rajista kowace shekara. Yaro yakan zo da laƙabi a aji ɗaya, takardar haihuwarsa kuma tana ɗauke da sunan yanka, babu mai lura sai ranar da zai zauna jarrabawar fita sakandare. Tun daga 2021 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sunan da ke jikin lambar shi ne zai bi shi. Ƙanena ya yi watanni yana zirga-zirga, har da takardar rantsuwa a kotu, saboda a wata takarda an rubuta Muhammad, a wata Mohammed. Don haka, Malam, ka tsayar da rubutu guda tun ranar karɓar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ka rubuta shi da hannunka da manyan baƙaƙe ka miƙa wa ma'aikaci, kada ka faɗa da baki. Idan kana son Ihsan ya zauna, ka shigar da shi a matsayin suna na tsakiya tun farko. Rayyan da "y" biyu ya fi dacewa, domin harafin yana da shadda a Larabci. Ihsan kuma kada a ƙawata shi ya koma Ehsan ko Ihsaan. Mutanen gari za su ce Ihisani, wannan ba laifi ba ne, amma takarda ta zauna a kan guda.

Amsar wata matar aure daga Ɗambatta:

Ni ban goyi bayan a yi wa mai ciki yanke ba tare da an sake zama da ita ba. Ita ta ɗauki cikin, kuma idan ta ji cewa zaɓinta ya koma laƙabi kawai, abin zai iya tsaya mata a rai. Yaya, ka fara yi mata bayani kafin ka je wurin Inna.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Daren jiya na karanta wa iyalina amsoshinku, ta amince da shawarar Hajiya bisa sharaɗin cewa Ihsan zai shiga takardar haihuwa a tsakiya, kamar yadda shugaban makaranta ya ce. Rayyan mun ajiye shi sai Allah Ya ba mu wani namijin. Gobe bayan sallar la'asar zan je in sami Inna, kuma zan tafi da kawuna domin ta fi jin maganarsa.