Neman kalma: me za mu kira liposuction a shirin gobe?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe huɗu za mu naɗi shiri, tambayar mai sauraro kuwa ita ce ko teɓa na dawowa bayan liposuction. Idan na furta kalmar yadda take, "laifi" mutane za su ji a farkonta. A agaza mini kafin gari ya waye.

Bazazzagiya: Tiyatar zuƙe kitse. Kada dai ki ce zuƙar mai, sai a ɗauka ɗan bumburutu ne da tiyo a tankin mota.

Likita: Zuƙe ta dace. Ana ɗan tsaga fata, a ɗura ruwan gishiri da aka haɗa da lidocaine don kashe zafi da adrenaline don tsuke hanyoyin jini. Sai a zura bututun ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ana kai da komo da shi ƙarƙashin fata, inji na ja. Amma Hajiya, ki guji "cire teɓa". Kitsen ciki iri biyu ne: wanda hannu ke iya damƙowa ƙarƙashin fata, da wanda ke can ciki kewaye da hanji. Na farkon kaɗai bututun ke kaiwa. Tumbin da ya yi tauri kamar ganga yawanci na biyun ne, kuma shi ke tafiya da ciwon suga da na zuciya.

Malam na Gwale: Ƙahon kitse. Wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya tsotsa. Me ya rage? Kalmarmu ce tun kaka da kakanni. Ita tiyatar nan da kuke riƙewa, ai daga Turanci ta fito.

Bazazzagiya: Allah ya gafarta Malam, asibiti da likita da inji fa? Mu mayar musu?

Malam na Gwale: Inda babu tamu, a ara. Inda akwai, aro kwaɗayi ne. Muna da fiɗa.

Bazazzagiya: A ce wa mace za a yi mata fiɗa, sai ta tuna ragon layya rataye a igiya.

Malam na Gwale: Ku 'yan boko kunyar harshenku kuke ji, shi ke nan.

Likita: Malam, ba kunya ba ce. Ƙaho zai sa a ga abin kamar na zaure ne, a yi da hantsi a koma kasuwa. Bututun nan idan ya kauce yana huda hanji. Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Sifaniya a Oktoban 2005 bayan irin wannan aiki. Akwai kuma gubar lidocaine idan ta yi yawa, da haɗarin kitse ya shiga hanyar jini ya toshe huhu. Abin da aka zuƙo idan ya wuce lita 5, ana lissafa shi babban aiki da ke buƙatar kwana a asibiti. Dole sunan ya ɗauki nauyin nan.

Mai Shirin Lafiya: To Likita, tambayar fa? Yana dawowa?

Likita: Ƙwayoyin kitsen da aka zuƙe sun tafi, amma waɗanda suka rage suna kumbura idan ci ya fi ƙonawa. A binciken Jami'ar Colorado na 2011, matan da aka zuƙe wa kitsen cinya da mara, cikin shekara guda jimillar kitsen jikinsu ta komo, sai dai ya fi taruwa a saman ciki. Na Jami'ar São Paulo a 2012 ya ga kitsen can ciki ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 bayan wata shida ga waɗanda ba su motsa jiki ba, masu motsawa kuwa bai ƙaru ba. Ki kuma faɗa musu kumburin makonnin farko ba kitse ba ne. Ana sa matsattsiyar rigar ɗaure ciki mako huɗu zuwa shida, ainihin siffar ba ta fitowa sai wata uku zuwa shida.

Bazazzagiya: Ke nan "ya dawo" ma ba daidai ba ce. "Ya sauya sheƙa" za ki ce.

Malam na Gwale: Wannan kam Hausa ce. Amma ƙahon kitse na nan, wata rana za ku neme ta.

Mai Shirin Lafiya: Na gode. Zan buɗe da "tiyatar zuƙe kitse", daga nan in riƙa cewa "zuƙe kitse" kawai. Kitsen can ciki ne har yanzu ba ni da gajeren sunansa.

Malam na Gwale: Ki tambayi mahauta. Tiyatar kuma ki faɗe ta sau ɗaya tak, ban dai yarda ba.