Tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna: kar a yi sake da lokaci

Ga abin da mutane suka fi nanatawa da aka tattauna maganar sayen tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ta waya. Biyan kuɗi ta waya ba shi ne shiga jirgi ba, tikitin nan na jirgi ɗaya ne da rana ɗaya da kujera ɗaya, in ya tashi ya bar ka to shikenan.

Yawanci sun ce ka isa tasha da awa ɗaya kafin tashi, musamman tashar Idu da ke Abuja don tana da nisa ga go-sulo, ga layin bincike, ga duba NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), tun da jirgin ya dawo aiki a Disamba 2022 ake tambayarsa, kuma sunan da ke tikiti dole ya dace da na katinka. Masu hawa a Kubwa kuwa ku kula sosai, tsayawar 'yan mintuna ce kawai ya wuce Rigasa, tashar Kaduna.

Wani dattijo ya ce a ɗauki hoton tikitin a ajiye tun daga gida, wallahi gaskiyarsa ne, netwok kan ɗauke daidai lokacin da kake bakin ƙofa. A yi cajin waya. 'Yan cuwa-cuwan tikiti kuma dan Allah a rabu da su.